Sana'ar wanki da injin feshi a Masarautar Gumel: yadda take tafiya da abin da ke cin ribarta

Wanki da injin feshi sana'a ce ta tsabtace mota, babur, a-daidaita-sahu, tirela, kafet, daɓen tsakar gida da fuskar gini, ta hanyar harba ruwa da ƙarfi daga famfon da ƙaramin inji ke juyawa. A ƙasar Hausa an fi saninta da sunan wankin mota, ko da yake mota ɗaya ce kawai daga cikin abubuwan da ake wankewa. A ƙananan hukumomi huɗu na Masarautar Gumel, wato Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, tana cikin sana'o'in da matashi kan iya farawa ba tare da takardar makaranta ba, ba kuma tare da shago mai ƙofa ba.

Wannan sauƙin shiga shi ke ruɗar mutane. Ana ɗauka cewa wanda ya mallaki inji ya mallaki sana'a, alhali inji shi ne abu mafi sauƙin samu a cikin kayan aikin. Abin da ke raya wurin wanki ko ya kashe shi a arewacin Jigawa ruwa ne, sai fetur, sai filin da aka tsaya a kai, kuma ukun nan kowannensu akwai hukumar da ke riƙe da akalarsa.

Yankin da masu kawo wanki

Ƙananan hukumomin huɗu, waɗanda su ne mazaɓa guda a Majalisar Wakilai ta Tarayya, suna da mutane kusan rabin miliyan a ƙidayar 2006. Ƙasa ce mai rairayi a bakin Sahel, ruwan samanta bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 a shekara ba, kuma akasarinsa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Jigawa na cikin jihohi 11 da Gwamnatin Tarayya ta ayyana a matsayin na gaba-gaba wajen fuskantar kwararowar hamada, wannan yanki kuwa shi ne goshin jihar. Ƙura ba baƙuwa ba ce a nan, saboda haka abin wanki ba ya yankewa.

Abin da ke yankewa shi ne kuɗin biya. Rahoton talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya sa Jigawa a kashi 84 cikin 100, lokacin da na ƙasa baki ɗaya yake kashi 63. A irin wannan wuri masu motar kansu kaɗan ne, kuma mafi yawan abin da ke shigowa wurin wanki babur ne na ɗan acaɓa, sai a-daidaita-sahu, sai motocin haya da ke bin hanyar Kano zuwa Gumel ta Gujungu. Waɗannan ba sa biyan kuɗi mai yawa, amma suna dawowa. Gumel, da yake can ne fadar masarauta da Kwalejin Ilimi ta Jiha da bankuna suke, ta fi sauran ma'aikata masu mota. Maigatari kuma, mai nisan kilomita ashirin da 'yan kai daga Gumel, kasuwarta ta dabbobi ta ranar Alhamis ce ke jawo manyan motoci. A Gagarawa da Sule Tankarkar ciniki ya fi bin ranakun kasuwannin ƙauye da lokacin kaka, sa'ad da ake fitar da riɗi da zoɓo.

Ciniki yana da yanayi. Da hunturu mutane kan jinkirta wanki, domin motar da aka wanke da safe kafin la'asar ta sake yin fari fat. Da damina taɓo ne ke kawo ciniki, amma ranar da hadari ya haɗu sai a wuni ba a ga kowa ba. Jajibirin sallah da ƙarshen Sha'aban, lokacin da masallatai da gidaje ke fitar da kafet da darduma, su ne kakar mai wanki. Akwai kuma kakar siyasa, wadda kan kawo ayarin motoci ashirin a lokaci guda, a wanke, a ce a zo ofis a karɓi kuɗi.

Injin da yadda yake aiki

Na'urar ba sabuwa ba ce. Wani Ba'amurke, Frank Ofeldt, ya ƙera injin wanki da tururi a 1926, sannan a 1950 Bajamushe Alfred Kärcher ya fito da injin ruwan zafi mai matsi na farko a Turai, kuma har yau kamfanin da ke ɗauke da sunansa na cikin manyan masu ƙera ta. Wanda ake gani a bakin titunan Arewa galibi ƙirar Sin ne da ake sarowa daga Kano: injin fetur mai ƙarfin doki biyar da rabi zuwa shida da rabi, kwaikwayon Honda GX160 ko GX200, haɗe da famfo, da dogon tiyo, da bindigar feshi.

Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko asalinsa injin feshin gona ne, famfonsa mai fistin uku, bel ke juya shi, matsinsa bai cika wuce bar 40 ba (bar shi ne ma'aunin matsi, tayar ƙaramar mota tana ɗaukar bar 2 da ɗan ɗoriya). Yana da araha, duk bakaniken babur zai iya kwance shi ya mayar, amma yana shan ruwa da yawa. Na biyu shi ne ainihin injin matsi, mai kaiwa bar 100 zuwa 200, yana fitar da lita 8 zuwa 15 a minti ɗaya. Ya fi tsada, ya fi tsimin ruwa, kuma ya fi saurin yin ɓarna a hannun wanda bai iya ba.

A bakin bindigar akwai ƙaramin kai da ake sauyawa, kuma masu ƙera shi sun bambanta shi da launi. Ja yana harba ruwa tsaye kamar allura, rawaya yana buɗewa digiri 15, kore 25, fari 40, baƙi kuma na watsa sabulu ne. Jikin mota fari ko kore yake so, daga nesa da tsawon kamu ɗaya. Ja ba shi da aiki a kan fenti, ko taya, ko gilashi. Wanda ya gwada zai biya kuɗin fenti da ribar mako guda.

Abubuwa uku ke kashe famfo, dukkansu kuwa ruwan dare ne a wannan yanki. Na ɗaya rairayi: ƙwayar yashi da ta bi ruwa ta shiga famfo tana cinye robobin da ke riƙe matsi, don haka matata a bakin tiyon shiga ba ado ba ce. Na biyu tayar da inji alhali tanki ya ƙafe, domin ruwan da ke wucewa shi ke sanyaya famfon. Na uku barin inji yana ruri an saki bindiga, yaro ya tafi goge gilashi. Ruwan da ke kewayawa a ciki kan yi zafi cikin 'yan mintoci ya ƙona robobin. Wannan na ukun kuma fetur yake sha a banza.

Ruwa

Babu babban kogi da ke ratsa ƙasar Gumel. Kogin Haɗejia ta kudu ya bi. Ruwan yankin na ƙarƙashin ƙasa ne, a cikin shimfiɗar yashi da laka ta kwarin Tafkin Chadi, ana kai gare shi ta rijiya da rijiyar burtsatse. Tafkunan da ke cika da damina ba sa kai bazara, kuma ruwansu mai laka ne, ba ya yi wa famfon matsi daɗi. Saboda haka duk litar da aka watsa wa mota daga wurin da ake ɗebo ruwan sha ta fito.

Lissafin ba shi da wuya. Injin da ke fitar da lita 12 a minti ɗaya, idan aka danne bindiga na minti goma a kan mota guda, ya zubar da lita 120, wato kusan jarka biyar ta lita 25. Wurin da ya wanke ƙananan motoci 15 a yini ya sha lita 1,800, kafin a zo maganar babura da kafet. Tirela ɗaya kuwa tana iya lamushe abin da ƙananan motoci da dama za su sha. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ke bukata a yini domin sha, girki da ɗan tsabtar jiki. Ke nan wankin mota guda ruwan mutum shida ne na yini ɗaya. Ba a kawo wannan don a aibata sana'ar ba. Wanda ya saki tiyon famfo yana kwarara a ƙofar gida yana wanke motarsa ya fi mai inji ɓarna. An kawo shi ne don a gane dalilin da ya sa rigimar wurin wanki da unguwa kusan kullum a kan ruwa take tashi, musamman a Afrilu da Mayu.

Hanyoyin samun ruwa uku ne. Akwai saye daga 'yan garuwa, wanda ba ya bukatar jari, amma shi ne mafi tsada a kan kowace lita, kuma farashinsa na tashi daidai lokacin da ruwa ya yi wuya. Akwai jona famfon gwamnati, inda Hukumar Ruwa ta Jiha ke kula da manyan garuruwa, hukumar STOWA ke kula da matsakaita, RUWASA kuma ƙauyuka. Wannan ya fi araha, sai dai ba a san ranar zuwansa ba, don haka dole a ajiye tanki. Kuma wanda zai yi kasuwanci da ruwan gwamnati ya kamata ya yi rajista a matsayin ɗan kasuwa, ba ya laɓe a bayan layin gida ba. Famfon unguwa da aka gina da kuɗin jama'a ko na masu ba da agaji domin sha, ɗiban ruwan wanki daga gare shi kai tsaye neman faɗa ne da matan da ke kan layi, kuma su ke da gaskiya. Hanya ta uku ita ce haƙa rijiyar burtsatse, a sa mata famfon sola ya riƙa cika tankin sama da rana. Kuɗinta ya ninka na inji sau da yawa, amma wanda ya yi ta ya fita daga hannun kowa, sau da yawa ma yakan koma sayar wa 'yan garuwa. A nan ne ake gane cewa mai rijiya shi ne mai sana'ar, mai inji ɗan haya ne kawai.

Doka ma ta bambanta ruwan gida da na kasuwanci. Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta yarda mutum ya ɗebi ruwa kyauta domin amfanin gida da shayar da dabbobi, ta kuma yarda mai fili ya yi amfani da ruwan ƙarƙashin filinsa don waɗannan bukatu da ɗan ban-ruwan gonarsa. Wankin mota don kuɗi ba ya cikin wannan rangwame. A aikace ba kasafai ake bin ƙananan wurare da maganar lasisi ba, amma yana da kyau mai haƙa rijiya ya san inda doka ta tsaya, tun kafin wata rana a zo masa da ita.

Tsimin ruwa yana yiwuwa ba tare da sabon inji ba. A jiƙa mota na ɗan lokaci, a kashe inji, a saɓa da bokiti da soso, sannan a tayar a ɗauraye. Masu yin haka suna rage ruwa da fetur gaba ɗaya, kuma fentin mota ya fi daɗewa, domin ruwa mai ƙarfi a kan busasshiyar ƙura kamar goga yashi ne.

Fetur, wuta da iyaka

Injin doki shida da rabi yana shan kimanin lita ɗaya da rabi a awa guda idan yana aiki sosai. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, lita ba ta kai Naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin kwanaki ta haura 500, zuwa Oktoba 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yuni na 2023 ɗin aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, Dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, kuma duk wani tiyo, roba da famfo daga waje ake shigo da shi. Mai wanki ya sha bugu ta fuska biyu: kuɗin aikinsa ya ninka, mai kawo masa wanki kuma, wanda shi ma fetur ya tatse, ya rage zuwa. Ɗan acaɓan da a da kullum sai ya wanke babur, yanzu tsumma da rabin bokiti sun ishe shi.

Injin lantarki ya fi sauƙin gudanarwa, ba shi da hayaƙi, ba shi da ƙara, amma yana bukatar wutar da za a dogara da ita, kuma wanda ya zauna a layin KEDCO a waɗannan garuruwa ya san amsar. Haɗa shi da janareta komawa gidan jiya ne. Sola tana ɗaukar famfon rijiya cikin sauƙi, amma injin matsi mai cin kilowat biyu ko uku yana son alluna da batura masu tsada.

Maigatari tana da nata ƙarin nauyin, wato iyaka. A watan Agusta 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba kuma Hukumar Kwastam, ƙarƙashin Kanar Hameed Ali mai ritaya, ta hana kai mai gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga kan iyaka. Garin Maigatari yana cikin wannan da'ira, wato mai ƙaramin inji ya koma hannun 'yan bumburutu. Ranar 16 ga Disamba 2020 aka buɗe iyakoki huɗu, Seme, Illela, Maigatari da Mfum. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa bisa takunkumin ECOWAS, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Idan ana lissafin asarar rufe iyaka, dillalan shanu da 'yan kasuwar hatsi ake ambata. Ba a cika tuna yaron da ke jiran tirela da bindigar feshi a hannu ba, alhali shi ba shi da wata ajiya da zai ci kafin a buɗe.

Abin da ba mota ba

Wankin tirelar dabbobi shi ne aiki mafi nauyi, kuma mafi amfani ga jama'a a cikin sana'ar. Motar da ta kwaso shanu ko raguna tana sauke su ta bar kashi, fitsari, majina da shimfiɗar da suka tattake. Cututtuka irin su ciwon baki da kofato suna iya bin wannan datti daga kasuwa zuwa kasuwa. Tsarin da likitocin dabbobi ke koyarwa shi ne a fara kwashe busasshen datti da shebur, sannan a wanke daga sama zuwa ƙasa, sannan a fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta a bar shi ya jima, domin magani ba ya aiki a kan kashi. Mota guda kuma takan ɗauki dabbobi yau, taki gobe, riɗi ko zoɓo jibi. Masu saye a ƙasashen waje awo suke yi, ba duba da ido ba; a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Yankin da ke taƙama da fitar da riɗi da zoɓo yana da dalilin da zai sa ya ɗauki wankin mota da muhimmanci fiye da yadda yake ɗauka.

Tankar mai kuwa ba aikin bakin titi ba ce. Tururin fetur da ya rage a cikinta tartsatsi ɗaya yake jira, injin feshi kuma yana da salansa mai zafi.

Wajen gine-gine, aikin yana ga gidajen mai, masallatai, makarantu, asibitoci da gidajen da aka shimfiɗa wa tubalin daɓe. Daɓen siminti da tayil suna jure matsi. Tubalin daɓe yana wankuwa, amma ruwan yana kwashe yashin da ke tsakaninsa, sai an mayar, in ba haka ba ya fara girgiɗi. Filastar da aka yi wa ƙwauron siminti takan zubo tare da fentinta. Ginin ƙasa kuwa, wanda har yanzu shi ne mafi yawa a ƙauyukan masarautar, ba a kusantarsa da wannan inji ko kaɗan: abin da damina ke yi wa bango cikin shekara, bindigar feshi za ta yi shi cikin minti.

Allunan sola sabuwar kasuwa ce, tun da ƙurar hunturu tana rage wutar da suke bayarwa, kuma yanzu suna kan rijiyoyi, asibitoci, fitilun titi da gidaje. Sai dai ba a harba musu ruwa mai matsi, domin yana ɓalle abin da ya liƙe gefen gilashin, ruwa ya shiga. Ruwa mai laushi, tsumma ko buroshi mai taushi, da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi. Ruwan sanyi a kan gilashin da ya sha rana yana iya tsaga shi. Haka ma injin mota. Motocin Kwatano na yanzu cike suke da wayoyi da ƙwaƙwalwar lantarki, wanda ya cusa musu ruwa zai ga motar da ta shigo da ƙafarta ta fita da turi. A babur ma matsi yana kore giris daga sarƙa da boris. Mai hankali yakan duba mota tare da mai ita kafin a fara, a nuna tsagewar gilashi da ƙujewar fenti, a kuma ce ya ɗauke kuɗinsa da wayarsa.

Inda ruwan datti ke tafiya

Ruwan da ya sauko daga mota ɗauke yake da baƙin mai, giris, omo da ƙurar birki. A birnin da ke da lambatu yakan bi ya tafi, ya zama matsalar wasu. A ƙasa mai rairayi nutsewa yake yi a inda ya zuba, kuma ƙarƙashinsa ne rijiyoyin unguwa ke sha. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi cewa galan ɗaya na baƙin mai zai iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwa. Wanda bai nutse ba yakan kwanta ya zama gidan sauro, ko ya jiƙa gefen kwalta har ta fara zaizayewa.

Maganin ba na masu kuɗi ba ne. Daɓen siminti mai ɗan gangare, da rami mai ɗaki uku da aka yi wa filasta: a na farko yashi ya kwanta, a na biyu mai ya taso sama a kwashe, daga na uku a ɗebi ruwan da za a jiƙa tayoyi da ƙarƙashin mota, ko a ba wa darbejiyar da ke yi wa wurin inuwa. Wurin wanki kuma ya yi nesa da rijiyar sha. Kula da wannan yana wuyan hukumar muhalli ta jiha, JISEPA, da jami'an duba-gari na ƙananan hukumomi, a matakin tarayya kuma NESREA, wadda aka kafa a 2007. Jihar da a Oktoba 2022 aka ayyana ta a matsayin ta farko da ta kawar da bahaya a fili ta nuna tana iya bin abu gida-gida idan ta sa kanta.

Fili, rajista da haraji

Yawancin wuraren wanki a gefen titi suke, a filin aro ko a harabar gidan mai, da yarjejeniyar baki. Ranar da mai fili ya tashi gini ko aka zo faɗaɗa hanya, daɓen da aka zuba ya tafi ke nan. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin birni yana hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin zama a kansa. Kafin a zuba siminti, takardar haya mai shaidu da sanin mai unguwa ta fi alkawarin mutunci.

Rajistar sunan kasuwanci a Hukumar CAC, bisa dokar kamfanoni ta 2020, ba ta zama dole ga wanda ke aiki da sunansa na yanka ba. Amma banki, makaranta ko ƙaramar hukuma ba za su ba da kwangilar wanki ga wanda ba shi da takarda da asusun kasuwanci ba. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, da aka tsara ta fara aiki a Janairu 2026, ta yafe haraji a kan Naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara, wanda hakan ya fitar da yawancin yaran wanki daga lissafi. Abin da ke damun ƙaramin mai sana'a dama ba wannan ba ne, masu zuwa da tikiti ne. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma ikon kula da shaguna, wuraren wanki da guga, allunan talla, kasuwanni da tashoshin mota, don haka tana da hurumin karɓar wasu kuɗaɗe. Jadawalin nan dai shi ya ɗora mata gina magudanan ruwa da kwashe shara. Mai biya yana da haƙƙin karɓar rasit mai hatimi, yana kuma da haƙƙin tambayar ina lambatun. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, wannan tambaya ta ƙara samun ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Yaran aiki

Ba albashi ake biya ba. Ko dai a raba abin da aka samu a yini bayan an cire kuɗin mai da ruwa, ko a ba yaro wani abu a kan kowace mota. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a Yuli 2024 bai shafe su ba, domin dokar ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin kamasho. Da yawansu ƙanana ne, har da almajirai, kuma su ake turawa ƙarƙashin tirela.

Haɗarin da ba a san shi sosai ba shi ne hudar ruwa. Matsin da bai wuce bar 7 ba yana iya ratsa fata, injin wanki kuwa ya ninka haka sau goma ko ashirin. Raunin yakan yi kama da tsinin ƙaya, amma ruwa da datti sun riga sun shige cikin nama, kuma idan ba a kai asibiti da wuri ba yana iya kaiwa ga yanke yatsa. Wanke ƙafa da bindigar feshi, ko wasa da ita, ya kamata ya zama abin kora daga aiki. Tayar da injin fetur a rufaffen ɗaki yana kisa da hayaƙin da ba a jin warinsa. Haɗa ruwan bilic da asid ɗin wanke tayil yana tayar da iska mai ƙona huhu. 

Tallafi

Injin wanki na cikin kayan da 'yan siyasa ke son rabawa, tare da keken ɗinki da injin markaɗe, saboda yana da kyau a hoto kuma ana iya ƙirga shi. Gwamnatin Tarayya ma ta yi nata: rajistar sunan kasuwanci kyauta ga mutum 250,000 a 2020, da tallafin Naira 50,000 ga masu ƙananan sana'o'i a 2024. Matashin da aka miƙa wa inji ba fili, ba ruwa, ba kuɗin fetur na makon farko, ba abin mamaki ba ne a ga injin a kasuwa kafin wata ya zagayo, sai a ce matasa ba sa son aiki. Da kuɗin injuna hamsin za a iya keɓe fili kusa da kasuwar dabbobi ko tashar mota, a haƙa rijiya mai sola, a zuba daɓe da ramin tace ruwa, a ba ƙungiyar matasa haya. Wannan ba ya rabuwa a gaban kyamara, ko da yake ana iya yanka masa kyalle.

Wanda ke son sanin injuna nawa aka saya da sunan mazaɓarsa, a kan nawa, kuma wa aka ba, yana iya rubuta wa hukumar da ta yi sayayyar a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Dokar ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, ko ta bayyana dalilin ƙin amsawa a rubuce.